Mene ne izinin kashe kwamfuta daga nesa?

A wurin da aka jera kwamfutoci da yawa, kamar cibiyar jarrabawa ko ofis, wahala ce mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kashewa kafin a kashe janareta. Shi ya sa Windows ta ba da damar a zauna gaban guda ɗaya a umarci sauran, muddin layin sadarwa ɗaya ya haɗa su. Umarnin gajere ne: shutdown /s /m \\sunan-kwamfuta /t 60, wato kwamfuta kaza ta mutu bayan daƙiƙa 60. In an sa /r a gurbin /s, sake tashi za ta yi.

Sai dai ba maganar kowa take ji ba. Akwai izinin da ake kira Force shutdown from a remote system, yana cikin secpol.msc, allon saitin tsaro na Windows, ƙarƙashin Local Policies, sannan User Rights Assignment. Wanda ke cikin jerin masu wannan izinin kaɗai za ta saurara, kuma yadda Windows ta zo daga kamfani, Administrators, wato asusun shugabannin kwamfutar, ne kawai a ciki. Windows Home ba ta da wannan allon, sai Pro zuwa sama.

Ko da izinin, sau da yawa amsar ita ce Access is denied, wato an hana shiga, don Windows tana rage ƙarfin asusun shugaba na gida idan ya shigo ta layi. Maganinsa a rajista yake, wato Registry, ma'ajiyar saitunan Windows: a ƙirƙiri LocalAccountTokenFilterPolicy a ba shi lamba 1. Sannan katangar tsaro (firewall) ta bar File and Printer Sharing ya wuce ta ƙofar sadarwa mai lamba 445.

A nan ne gajiya ke sa wasu su zuba Everyone, wato kowa da kowa, cikin jerin, ko su sauke katangar gaba ɗaya. Don Allah a daina. Umarnin nan ba ya lallashi: da zarar lokacin jira ya wuce sifiri, manhajoji rufewa suke yi ba tambaya, sakatariyar da ta wuni tana buga rahoto ba ta adana ba sai dai ta rungumi hannu. Ita kuwa ƙofa 445, ta nan muguwar manhajar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. A buɗe ta ga layin cikin gida kawai, ban da intanet, izinin kuma a ba asusu ɗaya mai kalmar sirri mai ƙarfi.

Kuma a riƙa haɗawa da /c, a rubuta wa mai zaune a wurin saƙo ya adana aikinsa. In ya nemi a ɗaga masa ƙafa, shutdown /a /m \\sunan-kwamfuta ke soke umarnin kafin lokaci ya cika.