Ƙarfen baranda da na matakala: wanne ya dace da gininka?

Sai gini ya kai ƙarshe, an yi filasta, an sa tayil, aljihu ya yi sanyi, sannan ake tunawa da ƙarfen baranda da na matakalar bene, wanda masu walda ke kira relin. Abin da ya rage na kuɗi shi ake ba shi. Wannan yana damuna, domin a duk gidan bene wannan ƙarfen ne kaɗai ke tsakanin yaro mai wasa da faɗowa ƙasa. Ga tambayoyin da masu gini suka fi yi mini, da abin da nake ce musu.

Ƙarafa nawa ne ma ake zaɓa a cikinsu?

Huɗu ne za ka tarar a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja: baƙin ƙarfe, galbanayis, stenles da alminiyam. Mai ado da furanni da lanƙwashe-lanƙwashe da ake gani a manyan gidaje, yawancinsa baƙin ƙarfe ne aka lanƙwasa, aka liƙa masa kwalliyar zubi.

Mai walda ya ce mini stenles ba ya tsatsa har abada. Haka ne?

Alhaji, ka tambaye shi wanne daga ciki. Stenles suna ne na dangi guda, kuma 'yan gidan ba halinsu ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi ne sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Shi ne ke haɗuwa da iska ya yi wata 'yar fata a jikin ƙarfen, wadda ido ba ya gani, ta tare tsatsa. In an karce ta, takan sake rufewa da kanta. Harry Brearley ne ya fito da irin wannan ƙarfe a birnin Shefil na Ingila a 1913.

Lambobi uku ne suka shafi mai gini. Lamba 304 tana da kuromiyam kusan kashi 18 da nikel kashi 8, kuma ita ce ta yau da kullum mai nagarta. Lamba 316 an ƙara mata molibdinam kashi 2 zuwa 3, abin da ke ba ta juriyar gishiri. Sai lamba 201, wadda aka rage mata nikel saboda tsadarsa aka cike gurbin da manganis. Ranar da aka kafa su, duka ukun ƙyalli ɗaya suke yi, ko kai injiniya ne ba za ka bambance da ido ba. Damina biyu ko uku ce ke tona asiri. Za ka fara ganin ɗigo-ɗigo ruwan shayi a jikin 201, musamman wurin walda da ƙasan paipu inda raɓa ke kwana.

Ba na cewa 201 ba ta da amfani. A matakalar cikin falo, inda ruwa ba ya taɓa ta, za ta yi shekaru lafiya. Abin da ba na yarda da shi shi ne a karɓi kuɗin 304 a kafa 201 a baranda. In kuwa ginin a Lekki ta Legas yake ko wani wuri kusa da teku, inda iska ke ɗauke da gishiri, ko gefen wurin ninƙaya da ake zuba wa kulorin, to 316 za a nema, domin ko 304 takan yi tabo a can.

Ƙarin abu ɗaya: masu tayil kan wanke aikinsu da asid. Ɗigonsa kaɗan a jikin stenles ya isa ya ɓata shi, ko da mai kyau ne. A gama wankin tayil kafin a kafa relin, ko a naɗe shi da leda.

An ce in tafi da maganaɗisu, in bai kama ba to mai kyau ne.

Rabin gaskiya ce. Maganaɗisu zai nuna maka baƙin ƙarfen da aka yi wa rufi mai ƙyalli, zai kuma kama stenles lamba 430. Amma 201 da 304 duk ba ya kama su sosai, don haka bai raba maka gardamar da ka zo da ita ba. Akwai wani ruwan gwaji da ake ɗigawa a jikin paipu, launinsa ya sauya gwargwadon nau'in ƙarfen. Ka nemi a gwada a gabanka, ka duba lambar da aka buga a jikin paipun, ka sa a rubuta ta a rasit. Ɗan kasuwar da ya san kayansa ba ya jin haushin wannan.

Baƙin ƙarfe fa? Ba na masu ƙaramin ƙarfi ba ne?

Ko kusa. A ƙasarmu ta arewa, inda iska ke bushe wata bakwai ko takwas a shekara, ni shi nake fara ba wa mutum shawara. Ya fi sauran araha, yana da ƙarfi, kowane mai walda a unguwa ya iya aikinsa, in ya lalace a gyara shi a wuni ɗaya. Aibinsa ɗaya ne, yana son fenti kamar yadda jiki ke son riga.

Fentin ma akwai yadda ake yi. A fara kankare dattin walda, a goge ƙarfen da samfefa har mai da tsatsar farko su fita, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, a bar shi ya bushe sosai, sannan a yi fentin mai shafi biyu. Abin da aka saba gani shi ne yaro ya fesa baƙin fenti sau ɗaya a kan ƙarfe mai ƙura da yamma, gobe a kafa. Wannan ba zai ga damina ta biyu da mutuncinsa ba. Hasumiyar Eiffel ta birnin Faris, da aka gama a 1889, ƙarfe ce tsantsa, kuma tana tsaye har yau saboda kusan duk shekara bakwai ana sake mata fenti. In Faransa ba ta gaji da goga ba, mai baranda ɗaya ba shi da uzuri.

Mene ne bambancinsa da galbanayis?

Shi ma baƙin ƙarfen ne, sai dai an tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450, ta rufe shi ciki da waje. Tutiyar ce ke cinyewa a hankali a madadin ƙarfen. Matsalar ita ce duk inda aka yanka ko aka yi walda, rufin ya ƙone, kuma nan tsatsa za ta shiga in ba a shafa fenti mai tutiya ba. Hayaƙin waldarsa kuma yana sa zazzaɓi da ciwon jiki, don haka a bar mai aikin ya yi shi a fili, kada a matsa masa ya yi a cikin rufaffen ɗaki.

Alminiyam ba ya tsatsa, ga shi ba nauyi. Me zai hana?

Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, kuma ruwa ba ya cin sa yadda yake cin baƙin ƙarfe. Amma ya fi laushi, yana lotsawa, kuma yawanci da sukuru ake haɗa shi, sukuru kuwa yana kwancewa da yawan jijjiga. Ɗanyen siminti yana cin sa in an binne shi ba rufi. Irin siririn da ake yin taga da shi bai dace da baranda ba sam, ko da mai tagar ya rantse. In za a yi, a sayi wanda aka ƙera musamman don relin.

A ina relin yake fara lalacewa?

A gindi. Wannan ita ce tambayar da na so a fi yi mini, kuma ita aka fi mantawa.

Kwanakin baya an kira ni wani gida mai hawa biyu, matar gidan ta ce ƙarfen barandarsu yana motsi in ta jingina tana shanya. Daga sama ba abin da ya same shi, fentinsa ma bai dusashe ba. Da na durƙusa sai na ga wani jan layi ya gangaro daga gindin ginshiƙin ya bi bango, tayil ɗin wurin ya tsage kamar an sa masa guduma. Na sa makulli na danna, sai ya shige cikin paipun kamar biskit. Ruwa ne ya riƙa shiga ta wani ɗan ramin walda a sama, yana taruwa a cikin paipun, ba hanyar fita. Tsatsa kuma tana kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci, shi ya sa ta fasa kankaren da ke riƙe da shi. Na ce mata, Hajiya, a kulle ƙofar nan yau, kada yaro ya ƙara fitowa sai an gyara. Ginshiƙai uku cikin biyar haka muka same su.

Maganin ba shi da tsada. A toshe kan kowane paipu, a yi walda ta zagaye gaba ɗaya maimakon ɗigo biyu da ake rufewa da foti, a huda ƙaramin rami a ƙasa don ruwa ya fita, a karkata daɓen baranda yadda ruwa ba zai kwanta a gindin ƙarfe ba. Ginshiƙi kuma ya zauna a kan farantin ƙarfe mai kauri da aka ɗaure da noti a cikin kankare, ko a haɗa shi da rodin kankaren bene tun lokacin zubi. Kada a yarda a kafa shi a cikin bulo mai rami ko a kan tayil kawai.

Kaurin paipun ma a auna shi. Kasuwa cike take da mai kaurin da bai kai milimita ɗaya ba, wanda yatsa ke iya lotsawa. Ni a ginshiƙi ba na karɓar ƙasa da milimita 2 a baƙin ƙarfe, ko 1.5 a stenles, kuma ba na barin tazarar ginshiƙai ta wuce mita ɗaya da rabi.

Tsayi nawa ya kamata, kuma tazara nawa tsakanin sanduna?

Dokar gini ta Ingila ta sa santimita 110 a baranda, 90 a matakalar gida, kuma kada a bar gurbin da ƙwallo mai faɗin santimita 10 zai wuce. A Amurka gurbin inci 4 ne, kuma ana so saman relin ya jure turin fam 200, wato kusan kilo 90. Ma'aunin santimita 10 saboda ƙananan yara aka yi shi: jikin yaro kan zurara ta inda kansa ba zai wuce ba. Sandunan kwance kuwa, da ake yayi yanzu don kyau, tsani ne ga ɗan shekara uku. In da yara a gida, a yi na tsaye.

Makaranta, masallaci mai bene, asibiti da kasuwa lissafinsu daban ne, saboda cunkoso. A ranar 2 ga Maris 2021, a jami'ar gwamnati ta El Alto a ƙasar Bolibiya, ɗalibai sun cunkushe a wata baranda suna turereniya, ƙarfen ya ɓalle, aƙalla bakwai suka rasu. Irin wannan gini injiniya ne zai fitar da kauri da yadda za a ɗaure, ba a barin sa ga ƙiyasin mai walda.

In gidanka ne a Kano, me za ka sa?

A baranda, baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 2, sanduna a tsaye, fenti mai haske, domin baƙin fenti a ranar watan Afrilu ba ya taɓuwa da hannu. A matakalar ciki, stenles 304 a wurin riƙo, don hannu yana goge fenti, kuma tsofaffi sun fi jin daɗin riƙe paipu mai santsi da tafin hannu ke iya zagayewa. Kafin in biya cikon kuɗi, zan sa ƙarti biyu su kama saman su jijjiga da ƙarfinsu ina kallon gindin. Duk shekara kuma, kafin ruwan farko ya sauka, zan durƙusa da makulli in danna ƙasan kowane ginshiƙi.