Ɗaukar ciki a madadin wata: ma'anarsa, da abin da za a ce wa ƙaramin yaro

Ɗaukar ciki a madadin wata shi ne mace ta ɗauki ciki ta haihu, alhali tun kafin cikin ya shiga an yi yarjejeniya cewa jaririn na wasu ne, su za su karɓe shi su raine shi. Wasu na kiransa aron mahaifa, wasu kuma hayar mahaifa idan kuɗi ya shiga maganar. Yawancin masu bin wannan hanya ma'aurata ne da matar ba za ta iya riƙe ciki ba. Wata an haife ta ne babu mahaifa, abin da ke samun kusan mace ɗaya cikin 5,000. Wata an cire mata saboda ciwon daji ko zubar jinin da ya ƙi tsayawa bayan haihuwa. Wata ɓari ne ya yi ta bin ta, wata kuma ciwon zuciya gare ta, likita ya ce ciki zai iya zama ajalinta.

Iri biyu ne, kuma duk mai shirin yi wa yaro bayani sai ya fara sanin wanne ne a gabansa. A na farko, da ƙwan mai ɗaukar cikin ake amfani, likita ya sa mata maniyyin mijin matar da ke neman haihuwar. Ke nan jininta ne jaririn. Irin wannan ne ya jawo shari'ar nan ta Baby M a jihar New Jersey ta Amurka, inda matar da ta haihu a 1986 ta ce faufau ba za ta rabu da 'yarta ba. A 1988 kotun ƙolin jihar ta soke yarjejeniyar, ta ce matar uwa ce a doka, amma ta bar riƙon yarinyar a hannun uban. A na biyu kuwa, ƙwan matar gida ko na wata mai bayarwa ake haɗawa da maniyyi a ɗakin gwaji, aikin da likitoci ke kira IVF, sannan a dasa ɗan tayin a mahaifar mai ɗauka. Ita ta goya shi a ciki, amma bai gaji komai na ƙwayoyin halittarta ba. Wannan bai yiwu ba sai bayan haihuwar Louise Brown a Ingila a 1978, jaririyar farko da aka samu ta IVF, kuma shi ne ya fi yawa a yau.

Kan duniya bai haɗu a kan lamarin ba. Faransa da Jamus sun haramta shi. Italiya ta ƙara gaba a 2024, ta mai da shi laifi ko da ɗan ƙasarta a waje ya je ya yi. Birtaniya ta yarda da shi muddin ba kasuwanci ba ne, kuma a dokarta wadda ta haihu ita ce uwa har sai kotu ta miƙa iyayentaka ga ma'auratan. Indiya, wadda ta daɗe tana karɓar baƙi masu neman hakan, ta rufe ƙofar kasuwancinsa da dokar 2021. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta ce bai halatta ba, ko da yake Iran na bari. Cocin Katolika ma bai amince ba. To amma ko mutum ya yarda ko bai yarda ba, yaran an riga an haife su, suna makaranta, suna da baki, kuma suna tambaya.

Ni a ganina babban kuskuren iyaye shi ne jiran "sai ya yi hankali". Farfesa Susan Golombok da abokan aikinta a Jami'ar Cambridge sun bi iyalan da suka samu 'ya'ya ta irin waɗannan hanyoyi tun yaran na jarirai har suka kai shekara 20. Sun gano cewa inda aka sanar da yaro asalinsa kafin ya cika shekara 7, zaman gidan ya fi daɗi, dangantakarsa da uwarsa ta fi kyau a lokacin samartaka. Dalilin ba boyayye ba ne. Wajen shekara bakwai ne yaro ke fara fahimtar gado na jini, cewa akwai dalilin da ya sa ɗa ke kama da iyayensa. Wanda ya ji labarin kafin nan yana ɗaukarsa kamar yadda ya ɗauki sunansa, abu ne da ya tashi ya tarar. Wanda ya ji yana ɗan shekara 15, daga bakin wata 'yar uwa da ta yi suɓul da baka ko daga sakamakon gwajin DNA, ba yadda aka haife shi ne zai fi ci masa rai ba. Shekarun da aka yi ana kallon idonsa ana ɓoye masa ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma, a sashe na 7, ta ce yaro na da haƙƙin sanin iyayensa gwargwadon iko.

Ɗan shekara uku ba ya buƙatar lacca. Jimla uku sun ishe shi: "Kowane jariri a mahaifa yake girma. Tawa ba ta iya riƙe jariri, shi ya sa wata anti mai kirki ta riƙe mana kai a tata. Ranar da aka haife ka muna nan muna jira, muka ɗauko ka muka taho gida." A nuna masa hoto in akwai, antin da tulelen cikinta, da ranar da aka fara rungumarsa. A kiyayi cewa "Mama ba ta da lafiya", domin yaro zai kwana da tsoron Mama za ta mutu. A kuma yi hattara da misalai. Ka ce masa an shuka iri a cikin anti, gobe ka same shi ya ƙi cin duk wani abu mai ƙwallo don kada jariri ya tsiro masa a tumbi. Gara a ce mahaifa kai tsaye, a ƙara da cewa wuri ne daban da inda abinci ke zuwa.

Wata rana, wataƙila ana tsakiyar yi masa wanka, zai ɗago kai ya ce, "Mama, to ita ce mamata?" A nan bambancin nan na iri biyu yake aiki. Idan ƙwan matar gida ne, amsar mai sauƙi ce: "A'a, daga ni da Babanka ka fito, ita ta riƙe ka ne har ka isa fitowa." Idan ƙwan mai ɗaukar ne ko na wata, ba a cewa haka, domin ƙarya ce da za ta tonu. In na mai ɗaukar ne, sai a ce, "Ita ta ba mu ƙwan da aka yi ka da shi, ta kuma haife ka. Ni ce Mamarka da ke rainonka, kuma ba inda za ni." Sau da yawa yaron zai ce "to", ya koma wasa da kumfar sabulu. Ba wai bai ji ba ne. Bayan wata biyu zai dawo da tambayar ta wata fuska.

Akwai yaran da aka fi mantawa da su, wato 'ya'yan ita mai ɗaukar cikin. Yarinya 'yar shekara huɗu tana ganin cikin uwarta na girma, tana ɗora kunne a kai, tana gaya wa kowa za a haifa mata ƙane. Sai uwa ta tafi asibiti ta dawo hannu rabbana. In ba a shirya ta ba, ɗayan biyu za ta ɗauka: ko jaririn ya mutu, ko Mama tana kyauta da 'ya'yanta, kuma wata rana layi zai zo kanta. Don haka ake fara maganar tun ciki bai fito ba, a nuna mata hoton iyayen jaririn, a riƙa maimaitawa cewa wannan ɗansu ne, riƙo kawai Mama take yi. Kada a ce "mun ba da shi". A ce "ya koma wurin iyayensa". Sannan a faɗa mata ƙarara, ba sau ɗaya ba, cewa ita ta gidan nan ce, babu mai ɗaukar ta.

Maganar kuɗi takan taso ne daga baya, lokacin da yaro ya fara jin abubuwa a waje. "Sayo ni kuka yi?" Idan an biya, ba a musantawa. A ce an biya likitoci da asibiti, an kuma biya antin saboda wahala da haɗarin da ta ɗauka na wata tara, amma mutum ba abin sayarwa ba ne. Muhawarar ko ana cin gumin matalautan mata a wannan harka muhawara ce ta gaskiya, tana cikin dalilan da suka sa ƙasar Tailan ta hana baƙi neman masu ɗaukar ciki a can a 2015, sai dai ba kayan da za a ɗora wa ɗan shekara shida ba ne.

Saura yaron da abin bai shafe shi kai tsaye ba, ya dai ji ne a aji ko a talabijin. Shi ma a ba shi ma'anar a taƙaice. Iyayen da addininsu bai yarda da hanyar ba suna iya faɗa masa matsayinsu idan ya kai munzalin ganewa, amma su raba hukuncin aikin da darajar abokin karatunsa, wanda ba a yi shawara da shi ba kafin a haife shi. Shi kuma wanda aka haifa ta wannan hanya, a koya masa cewa labarin nasa ne, ba abin kunya ba ne, amma ba dole ne ya ba kowa ba. In wani ya matsa masa a filin wasa, ya isa ya ce, "Wata anti ce ta taimaki Mamata ta haife ni," ko kuma ya ce ba ya son maganar yanzu.