Suwicin Ignishan a Tsofaffin Motoci

Suwicin ignishan, wanda direbobi kan kira makunni ko gidan makulli, shi ne na'urar da ke sada wutar batir da sassan mota idan aka murɗa makulli. A motocin da aka ƙera kafin zuwan kwamfutar inji, irin su Peugeot 404 da 504, Volkswagen Beetle da Mercedes-Benz W123, wutar koyil (mai ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa filogi) da ta solenoyid ɗin kik (suwicin da ke sada batir da kik, na'urar da ke juya inji ya tashi) da ta fitilun dashbod duk ta cikinsa suke ratsawa. Shi ya sa lalacewarsa kan yi kama da ciwon batir, ko na kik, ko na koyil, su ma kuma nasu ciwon akan ɗora masa. A garin Jos gyaransa aikin masu rewaya ne.

Tarihi

Motocin farko da hannu ake tayar da su, a sa handil a gaban inji a juya. Aiki ne mai haɗari, domin inji kan mayar da handil baya ya karya wa mutum hannu. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da kik mai aiki da lantarki, wanda Charles Kettering da abokan aikinsa na Delco suka ƙera. Duk da haka makulli bai karɓi aikin tayar da inji nan take ba. Shekaru da dama bayan nan, makulli wutar koyil kaɗai yake buɗewa, sannan direba ya danna wani maɓalli a dashbod ko ya taka wani a ƙasa. Beetle na farko-farko haka suke har zuwa farkon shekarun 1950, tsofaffin Land Rover kuwa sun daɗe da maɓallin kik da ramin handil tare. Haɗa ayyukan biyu a murɗa ɗaya galibi ana danganta shi ga Chrysler, a 1949.

Mataki na gaba satar mota ce ta kawo shi. Aka haɗa suwici da wani ƙarfe mai shiga sandar sitiyari ya kulle ta da zarar an zare makulli. Jamus ta Yamma ta wajabta wannan a sababbin motoci wajajen 1961, Amurka ta biyo baya a 1970. A Faransa kamfanin Neiman ya yi fice a kansa har sunan ya zama sunan na'urar, kuma irinsa ne a jikin Peugeot da yawa.

Waɗannan motoci sun cika hanyoyin Najeriya ne bayan 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta fara aiki a Kaduna, ta Volkswagen kuma a Legas. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har wajajen 2006, shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa. Doguwar 504, Fijo a bakin jama'a, ta daɗe tana jigilar fasinja daga tashoshin Jos zuwa Bauchi da Kaduna da Kano, kuma motar haya ana kunna ta a kashe sau da yawa a yini. Makullan da suka rage daga wancan zamani yawancinsu sun sha kwafi, an yanka wani daga wani har haƙoran sun shafe.

Yadda yake

Abu biyu ne a haɗe. Gaba akwai kwaɗon da makulli ke shiga, da 'yan ƙananan ƙarafa da sifirin a ciki. Bayansa akwai ɓangaren wuta, mai bakunan tagulla da ke haɗuwa su rabu. Sau da yawa ɗaya ne ke lalacewa, ɗayan lafiya lau.

Motocin Jamus suna bin lambobin ƙa'idar DIN 72552, kuma akan ga lambobin a rubuce a bayan suwici: 30 ita ce wutar da ke zuwa daga batir kai tsaye, 15 ita ce wadda ke fita zuwa koyil idan an kunna, 50 ita ce mai zuwa solenoyid ɗin kik, 31 kuwa jikin mota ne. Wanda ya riƙe lambobin nan huɗu ya riƙe rabin aikin.

Alamomi da gano matsala

Idan makulli ya ƙi murɗuwa, mafi yawa kullen sitiyari ne ya cije, musamman in an ajiye mota a gangare tayoyi sun jingina da dutse, abin da ba baƙo ba ne a unguwannin Jos. Ana girgiza sitiyari hagu da dama ana murɗawa a hankali. In bai saki ba, makullin ne ya cinye ko kwaɗon. Tilasta shi da filaya karya shi yake yi a ciki.

Idan ya murɗu amma dashbod duhu, ba suwici ake fara tuhuma ba. Ana duba kan batir, ko ya yi farin gari ko ya saki, sannan wayar da ke haɗa batir da jikin mota. Batir mai cikakken caji yakan nuna wajen bolt 12.6. Bayan nan ne ake ɗora fitilar gwaji a kan 30. In ta kama a nan amma ta ƙi kamawa a 15 bayan an kunna, laifin na suwici ne.

Idan fitilu sun kawo, kik bai ce komai ba, ana gwada 50 yayin da wani ke riƙe da makulli a murɗe. Wuta ta iso can amma shiru, ko ƙas guda ɗaya, to a nemi solenoyid ko kik. A nan Beetle tana da halinta: batir yana ƙarƙashin kujerar baya, wuta sai ta tafi gaba wurin suwici ta sake dawowa baya wurin kik, tsohuwar waya kuma ta sha rabinta a hanya. Maganin da aka sani shi ne a sa rile, wato ƙaramin suwici mai aiki da wuta, kusa da kik, suwici ya zama umarni kawai yake bayarwa.

Injin da ke kamawa sai ya mutu da an saki makulli yana nuna bakin 15 ya ƙone, ko kuma, a motar da ke da shi, ɗan abin rage wuta da ke gaban koyil ya yanke. Wanda ke mutuwa idan an shiga rami, ya dawo in an taɓa makulli, kwaɗo ne ya yi laushi. Tarin makullai masu nauyi yana hanzarta wannan. Ba ƙaramin abu ba ne: a 2014 General Motors ya janye motoci kusan miliyan 2.6 saboda suwicin da ke zamewa ya kashe inji ana cikin tafiya, aka danganta mutuwar mutum 124 da shi.

In kik ya ci gaba da juyawa bayan inji ya tashi, sifirin da ke mayar da makulli ya karye ko solenoyid ya maƙale. Nan take ake cire kan batir.

Akwai kuma motar da ke ƙin mutuwa bayan an zare makulli. A W123 mai shan dizal, zuƙar iska ce ke kashe inji ta wani ɗan bawul a jikin gidan makulli, don haka siririn tiyo ake nema inda ya tsage, ba waya ba.

Sanyin hunturu a Jos, daga Disamba zuwa Janairu, kan sauko kusan digiri 10 da asuba. Batir yana rauni, man inji yana kauri, kik yana juyawa da ƙyar. Suwici da yawa an canza su a irin wannan safiya ba su yi laifin komai ba.

Gyara

Ɓangaren wuta akan iya canza shi kaɗai a bar kwaɗon, mai mota ya ci gaba da makullinsa ɗaya na ƙofa da inji. A motoci da yawa kusoshin da ke riƙe da gidan makulli masu yankakken kai ne, da gangan aka yi su haka saboda ɓarayi, sai an buga su da kurfi ko an haƙe su. Kafin komai ana cire wayar batir mai zuwa jikin mota. Kayan kwance ana neman su a Dilimi, aikin kuma ana yin sa a garejin Farin Gada da Bukuru.

Kan abin da za a zuba wa kwaɗo akwai saɓani: wasu garin girafait, wasu mai marar kauri.

Haɗin kai tsaye

Gyaran da ya fi yawa, kuma ya fi ɓarna, shi ne a yanke wayoyi a sa ƙaramin suwici da maɓalli a ƙasan dashbod. Motar takan tashi, amma kullen sitiyari yana nan, kuma zai iya kamawa ana gudu in ba a cire shi ba. In aka manta wuta a kunne inji ba ya aiki, koyil kan yi zafi, kwantak, wato bakin da ke katse wutar koyil, ya ƙone. A Beetle wayar koyil ba ta bi ta fiyus, don haka in haɗin da aka naɗe da leda ya taɓa ƙarfe, wayar ce za ta narke tun daga dashbod har ɗakin inji.