Waiwaye: Yadda Turanci ya mamaye takardun hukuma a ƙasar Hausa

Ran nan wani dattijo maƙwabcinmu, a ƙauyenmu na gefen Ringim, ya zaro takardar gonarsa daga cikin leda ya miƙo mini. "Ɗana, duba mini abin da suka ce." Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami tun yana saurayi, shi ne yau sai an karanta masa iyakar gonar da ya gada. Abin ya tsaya mini a rai.

Da ba haka lamarin yake ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun tarar da alƙalai da sarakuna suna rubutu da Larabci da ajami. Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, ya koyar da Hausar boko, su kansu jami'an mulkin mallaka sai da suka koyi Hausa. A 1939 aka fara buga jaridar Hausa ta Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Mafi muhimmanci, tsarin mulkin 1954 ya sa Turanci da Hausa su zama harsunan majalisun Jihar Arewa, har wakili ya miƙe a Kaduna ya kawo kukan mutanensa da harshen da suke ji.

Da Gowon ya raba ƙasa jihohi 12 a 1967, Jihar Arewa ta rushe, wannan matsayi na Hausa ya tafi tare da ita. Tsarin mulkin 1979, da na 1999 a sashe na 55, sun ce Majalisar Tarayya za ta yi aiki da Turanci, Hausa da Ibo da Yarbanci kuwa sai an yi tanadin da ya dace. Har yau ana jiran tanadin. Sashe na 97 ya ba majalisun jihohi damar ƙara harshen gida idan sun zartar, amma Turanci ne a gaba.

A Amurka sai a Maris 2025 Trump ya sa hannu kan umarnin mayar da Turanci harshen hukuma, bayan jihohi irin su Kalifoniya sun riga shi tun 1986. Can yawancin jama'a da Turanci suka tashi. Mu nan, manomin Jigawa a gaban majistare sai ya jira tafinta kafin ya san laifin da ake tuhumarsa da shi.

Na karanta wa dattijon takardar, na fassara masa layi-layi. Ya ce in sake maimaita wurin da aka ambaci iyakarsa ta gabas.