Tsoffin ramukan zinari na ƙasar Anka

Tsoffin ramukan zinari na ƙasar Anka ramuka ne da aka haƙa aka watsar a dazuzzukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Maru, a Jihar Zamfara. Wasu tun zamanin Turawan mulkin mallaka suke, wasu kuma ba su daɗe ba. Turbobin ƙafa da makiyaya da masu itace da mahaƙa suka tattake ne ke haɗa su da ƙauyuka.

Tarihi

Bisa bayanan da ke rubuce, an fara haƙar zinari a Nijeriya wajajen 1913, aikin ya kai ganiyarsa a shekarun 1930, sannan ya ja baya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Anka da Maru na cikin wuraren da aka yi aikin, haka ma Bin Yauri a Jihar Kebbi ta yanzu. Zinarin yana cikin jijiyoyin farin dutse ne, don haka mahaƙa kan bi jijiyar zuwa ƙasa har ruwa ko duhu ya tsayar da su. Da Turawa suka janye, ramukan suka zama kufai, sai 'yan tsiraru masu wanke yashi a bakin rafi.

Tashin farashin zinari bayan 2008 ya sa jama'a suka koma wa ramukan da diga da shebur. A nan ne wata musiba ta faro, domin dutsen wasu ramukan haɗe yake da dalma. Ana kwaso shi cikin buhuna zuwa gida, a niƙa da injin niƙan hatsi ko a daka a turmi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A farkon 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da yawan mutuwar yara a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta, bincike ya tabbatar gubar dalma ce. An ƙiyasta yara aƙalla 400 sun rasu. An kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa a ƙauyuka da dama, amma Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aikin ya isa gare ta.

Yanayin hanya

Yankin ba hamada ba ne, daji ne na ƙaya da kuka da tsamiya, sai dai da rani yakan bushe ƙurmus. Hunturu ya fi daɗin tafiya. Da bazara zafi kan haura digiri 40. Bakin ramukan ba shinge, ciyawa kan rufe su da damina, gefensu kuma yana zaftarewa. Ruwan da ke kwance a ciki ba na sha ba ne, ko ga dabba.

Halin yanzu

Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019 saboda matsalar 'yan bindiga, ta ɗage haramcin a Disambar 2024. Ana saɓani kan girman alaƙar zinarin da rikicin. Baƙi ba sa zuwa yawon buɗe ido a wurin.