Tambayoyi da amsoshi kan ci da sha a tsohuwar mashayar unguwa a Ingila

Mene ne matsayin irin wannan mashaya a wurin mutanen unguwa?

Turawan Ingila suna kiranta "pub", wato gajarcen sunan da ke nufin gidan jama'a, kuma aikin da take yi musu ya fi kama da na zauren unguwa, domin nan ake haɗuwa bayan an tashi daga aiki, a kalli ƙwallo, a ji labarin wanda ya yi aure da wanda ya rasu. Tun a shekarar 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya su rataye alama a ƙofa, kuma da yake yawancin mutane ba su iya karatu ba a lokacin, sai aka riƙa zana hoto. Shi ya sa har yau sunaye irin su Jan Zaki suka cika ƙasar. Wasu gidajen sun daɗe ƙwarai. Ye Olde Cheshire Cheese da ke titin Fleet a Landan an sake gina shi a 1667, shekara guda bayan gobarar da ta cinye birnin, kuma har yanzu ana ci ana sha a cikinsa.

Yaya baƙo zai yi oda?

A nan ne baƙi suka fi yin kuskure, don wanda ya zauna yana jiran ma'aikaci ya zo ya tambaye shi zai daɗe bai ga kowa ba. A bisa al'ada mutum ne yake tashi ya je kanta, ya faɗi abin da yake so, ya biya nan take. Ba a yin layi, amma mai kanta yana riƙe da wanda ya riga wani zuwa. Babban kofin da ake auna giya da shi yana cin mililita 568. Idan abokai suna tare, kowa yakan saya wa dukan teburin bi da bi, kuma wanda ya sha na mutane ya sulale kafin nasa ya zagayo, to ya bar abin faɗa. Dab da lokacin rufewa ana kaɗa ƙararrawa domin oda ta ƙarshe. An tsananta taƙaita lokutan buɗewa ne a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da gwamnati ta ji tsoron maye zai rage aikin masana'antun makamai, kuma sai a 2005 aka sassauta dokar sosai.

Wane abinci ake samu?

A da abin ci kaɗan ne, kamar gyaɗa da soyayyen dankali na leda da ƙwai da aka jiƙa a ruwan tsami. Yanzu kuwa kicin ne yake riƙe da gidaje da yawa, musamman tun da aka hana shan taba a ciki a 2007, iyalai suka fara shigowa da yara. An fi sanin kifi da dankali, da naman sa da aka gasa cikin kwaɓin fulawa, sai kuma gashin ranar Lahadi, wanda ake kawowa da dankali da kayan lambu da romo mai kauri. A ganina a wannan gashin ake gane gidan da ya san abin da yake yi. Akwai kuma farantin burodi da cuku da ake kira abincin manomi, wanda sunansa ke nuna tsufa, alhali masu tallar cuku ne suka yayata shi a wajajen shekarun 1960.

Wanda ba ya shan giya fa?

Ɗalibai da ma'aikata Musulmi a Birtaniya sukan fuskanci wannan tambaya idan abokan aiki suka gayyace su. Ana sayar da lemo da ruwan 'ya'yan itace da shayi, kuma babu mai kallon wanda ya nemi su da mamaki, sai dai shiga wurin da kansa lamari ne da mutum zai auna da addininsa. Wanda ya je cin abinci ya kamata ya yi tambaya, domin sau da yawa ana kwaɓa fulawar soya kifi da giya, ana zuba ta a miyar nama, tsiran alade kuma yana cikin abincin da aka fi saya.