Kafin a juye ƙasar kyauta a lambun unguwa

'Yan sa-kai da maƙwabta masu hidimar lambun unguwa, sannunku da ƙoƙari. A aikina na malamin gona, raina yana fari ƙwarai in na ga an kawo ƙasa ko buhunan busasshiyar ciyawa kyauta, manya da yara suna ta jida. Roƙona guda ne: kafin a juye, a tambayi mai kyautar inda ya kwaso ta. Wannan ba rashin godiya ba ne, domin sau da yawa shi kansa bai san abin da ke cikinta ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dalma. Ƙasar bakin babban titi, ko ta gindin tsohon gini mai fenti, ko ta wurin da ake fasa batir, tana iya ɗauke da ita. Sai a 2021 aka daina sayar wa motoci fetur mai dalma a duniya baki ɗaya, kuma wadda hayaƙinsa ya zubar tana nan a ƙasa, ba ta ruɓewa. Ido ba ya ganinta, hanci ba ya jinta. Ƙananan yara ta fi yi wa illa, tunda hannunsu daga ƙasa sai baki, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa. Ƙasar da ba a san asalinta ba, a kai kaɗan ɗakin gwaji, ko a ba mai ita haƙuri.

Ciyawa da taki ma suna da tasu matsalar. Akwai maganin kashe ciyawa irin su aminopiralid da ke wucewa ta cikin dabba ya fito a kashinta da ƙarfinsa. Gwajinsa ba wuya: a shuka wake a tukunya biyu, ɗaya da ƙasar da aka sani, ɗaya an gauraya ta da kayan kyautar. Bayan mako uku, in sabon ganyen ta biyun ya nannaɗe ya ƙanƙance, kada kayan su shiga lambu. Ɗanyen kashin dabbobi kuwa, a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin duk abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa.

In kaya sun tabbata lafiyayyu, sai lulluɓe ƙasa. Kaurin santimita 5 zuwa 8 ya isa ya riƙe danshi ya danne tsiron ciyawa. A bar 'yar tazara a gindin shuka, don in an tula mata jiƙaƙƙen abu sai ta ruɓe. Dusar katako da ɓawon itace a bar su a sama. In aka cuɗa su da ƙasa, ƙwayoyin da ke ruɓar da su sukan janye sinadarin naitirojin da shuka ke buƙata daga ƙasa, ganye ya koma rawaya.

A samu mutum ɗaya ya riƙa rubuta kowace kyauta: ranar da ta zo, inda ta fito, da kwamin da aka zuba ta. In wani kwami ya ƙi yin kyau, an san inda za a duba. A kuma ajiye ruwa da sabulu a bakin lambu, yara su wanke hannu kafin su fita.